Dodon Azurfa Mai Yankakken Wuya

Shafi na 11

Masu aiko mini saƙo cewa na daɗe ban rubuto ba, na ji ku. Sauri ya haifi nawa. Ku zauna ku karanta da natsuwa.

Laifin da za a hukunta a shafin nan cin amana ne. Amma ba irin na ɓarawon da ya san kansa ɓarawo ba. Irin na mutumin da ke tattare bakin rigarsa kada ta taɓa ƙazanta, alhali yana tsaye cikinta har gwiwa.

Mun bar Nomau, maƙerin azurfa na tsohon garin Agadas, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki ruwa kuma ya ƙi sauka. Turis, baƙin nan masu yawon buɗe ido, sun ɗauke ƙafa, maƙera sun zauna suna kallon gawayi. Sai Seydou, wanda a da yake yi wa baƙi jagora cikin hamada, ya kawo masa aiki daga wani Annasara: a ƙera masa dodo mai fukafukai, irin na wani wasa da suke yi cikin na'ura. Nomau ya ƙera, an aika. Wata biyu ke nan.

Da hantsin ranar Lahadi Seydou ya shigo rumfar ko sallama babu, ya dire kwali a kan buzu.

"Ga kayanka."

Nomau ya ajiye magagari. Ya san kwalin nan, da hannunsa ya ɗaure shi.

"Wane kaya?"

"Damonka. Ya je ƙasar Annasara ya sha iska, ya dawo gida."

Damo shi ne sunan da maƙera suka laƙaba wa abin tun ranar da aka kawo hotonsa daga sibar, shagon intanet. Jiki irin na damo, dogon wuya, ƙayoyi jere a gadon baya, ga fukafukai biyu a buɗe kamar zai tashi.

"Bai so ba?"

"Ya so. Très beau, in ji shi. Ya ce fukafukan nan bai taɓa ganin aiki irinsu ba. Tambaya ɗaya ya yi: don me kuka yanka shi?"

"Yanka?"

Seydou ya zaro dodon daga kwali, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ya sa farce a wuyansa. Wani layi mai zurfi ya zagaye wuyan kaf.

"Wannan ai ba yanka ba ne," in ji Nomau. "Kariya ce. Duk wanda ya ƙera siffar mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata numfashi. In ka raba kai da gangar jiki da layi, ka nuna ba mai rai ka nufa ba. Haka na taras ana yi."

"Na ce maka kada ka ƙara, kada ka rage. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Da lahirata zan yi wasa saboda wasan yara?"

"Wane yaro? Gemunsa ya fi naka. Shekara goma sha ɗaya yana kiwon dabbar nan cikin na'ura, tun tana ƙwai. Yana da irinsu ɗari da wani abu, kama su yake ɗaya bayan ɗaya yana tarawa, amma wannan shi ne bajiminsa. Ya rubuto mini shafi biyu, mon frère. Ya ce ya buɗe kolis, kwalin nan da muka aika, da murna, sai ya taras mun aiko masa gawar abokinsa."

"To a cike layin mana. Aikin rabin yini ne."

"Ya ce ko an cike, shi ya riga ya gani. C'est fini, magana ta ƙare."

Nomau ya karɓi dodon, ya tsura masa ido. Seydou ya ɗauka asarar aiki ce ta kashe masa jiki. Bai sani ba.

Ba wuya ne ya tsorata Nomau ba. Fukafukan ne.

Lokacin da ya zo ƙera su, kakin zuma ya ƙare masa, a kasuwa kuma babu, don ƙudan zuma ma sun bar ƙasar da ba fure. Ɗan kakin da ya rage gangar jiki kaɗai ya isa. Fukafukai sai dai a yanka su daga shimfiɗaɗɗiyar azurfa, shi kuwa ba shi da ita, mai tafiya Yamai da zai ɗauki kolis kuma jibi zai tashi. A cikin akwatinsa akwai wata ajiya: gidan laya na azurfa, mai faɗi kamar tafin hannu, na Inna Tabawa. Ta kawo ya gyara masa kunne da ya tsinke, ta tafi Tchirozérine wurin 'yarta da ta haihu, ta ce sai bayan damina.

Nomau ya ce a ransa, aro ne. In aiki ya karɓu, in ƙera mata wani sak irinsa, in mayar da takardar ciki. Wa zai sani? Abin da ya tafi ƙasar Annasara ai ya tafi ke nan.

Ga shi ya dawo, yana kwance a tafinsa.

"Mayar da shi cikin kwali," ya ce, yana danƙa wa Seydou shi. "Maza."

"Gaggawar me kake?"

Sai ƙarar sanda a bakin rumfa. Kwas. Kwas.

Baba Illiya ne, ƙanen mahaifin Nomau, babban maƙeran gidansu. Idonsa ya yi hazo shekara biyar ke nan, amma kowane hantsi sai ya zo ya zauna kusa da zugazugi, ya ce warin gawayi ne maganin ƙirjinsa. Duk maƙerin da ya fito daga gidan nan, daga hannunsa ya karɓi hatimin da yake bugawa a bayan aikinsa. Aikin da ba hatimi ɗan kasuwa ba ya saye, mace kuma ba ta barin ajiya wurin maƙerin da ba shi da shi.

"Salamu alaikum. Muryar wa nake ji kamar rediyo? Seydou ne?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, Baba. Ruwa ne dai shiru."

"Allah ya kawo shi da alheri." Tsoho ya lalubi buzunsa ya zauna. "Tun daga lungu na ji ana maganar gawa. Wa ya rasu?"

Seydou ya yi dariya. "Damon Nomau ne, Baba. An dawo da shi."

Ya kwashe labari ya faɗa. Baba Illiya ya saurara, yana gyaɗa kai.

"Wai dabbar nan, me take ci?"

"Ba ta cin kome, Baba. A cikin na'ura take."

"Ruwa fa?"

"Ba ta sha."

"Ba ta mutuwa?"

"In an buge ta a faɗa suma take yi. A kai ta wani ɗaki ta farfaɗo."

Tsoho ya jinjina kai. Can ya ce, "Jiya an ce mini a hanyar Dagmanet mushen shanu ya tare hanya, har sai da aka sa jakai suka ja. Mutumin da na sani da raƙumi arba'in, yau yana layin gero a gaban soja da kwano. Shi kuma wancan Allah ya ba shi garken da ba ya jin ƙishirwa, yana kuka a kan layin wuya. Ikon Allah. Miƙo shi in gani."

In Baba Illiya ya ce in gani, yatsunsa yake nufi.

"Baba, ba shi da wani kyau," in ji Nomau. "Aikin gaggawa ne."

"Da aka aika shi ba ka bari na taɓa ba. Yau ma? Miƙo."

Seydou ya riga ya miƙa masa.

Tsoho ya fara daga kai. Ya bi ƙayoyin baya ɗaya-ɗaya. Ya tsaya a wuya, ya shafa layin.

"Wannan ka yi daidai. Mai tsoron Allah ba ya asara."

Nomau ya kasa ɗauke ido. Yana kallon babban yatsan tsohon na gangarowa zuwa kafaɗa.

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar mace ce, ta tsufa amma ba ta rawa.



Inna Tabawa ta sunkuyo ta shigo, ƙura har idon sawu, ƙunshin kaya a ka. Ta rame. Wannan matar ba maƙwabciya ce kawai ba. A farin da aka yi shekarar da aka haifi Nomau, uwarsa ta rasu yana da wata uku, Tabawa ce ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Lukumanu, nono ɗaya wannan, ɗaya wancan, a lokacin da ita kanta ba ta ƙoshi ba.

"Inna! Yaushe a gari?"

"Yanzun nan na sauka, ɗana. Ko gida ban shiga ba. Malam Illiya, ina wuni, ko in ce ina kwana? Rana ta rikita ni."

"Tabawa ce? Maraba. Ina mai jego?"

"Tana nan, ta samu kanta. Yaro ma ya yi ƙwari."

Nomau ya shimfiɗa mata tabarma, ya zuba mata ruwa a moɗa. Garin sauri har ruwan ya zube.

"A hankali, ɗana, ruwa ya yi tsada bana." Ta sha, ta yi hamdala. "Ba zama na zo yi ba. Layar nan na zo karɓa."

"Ai kin ce sai bayan damina, Inna."

"Ina daminar? Ka gan ta? Ɗan'uwanka ne ya aiko mini. Awakinsa sun ƙare, ta ƙarshe ranar Talata ta kwanta. Ga 'ya'ya huɗu. Ya samu aikin tuƙa kamyo, babbar motar kaya, zuwa Bilma, gobe Litinin da sassafe za su bi ayarin soja. Bai taɓa ratsa hamadar Tenere ba."

"Allah ya tsare," in ji Seydou.

"Amin. Ubansa, Malam Altine, sau ashirin da biyu ya ratsa ta da layar nan a wuyansa, sau ashirin da biyu ya dawo. A kan gadonsa ya cika. Kakansa ma haka. Namijin gidanmu ba ya shiga rairayin nan ba ita. Shi ya sa na baro mai jego na hau motar gawayi. Na aika wa Lukumanu in ya gama lodi ya same ni nan, in rataya masa da hannuna."

Ta buɗe tafin hannu.

Nomau ya dubi akwati. Ya dubi ƙasa.

"Inna... kunnen ne ban gama ba."

"Wata huɗu?"

"Sinadarin liƙi ne ya yanke."

"Ba kome. Kawo ta haka nan, in ɗaure da zare."

"Ba ta nan. Na kai ta gida, saboda ɓarayi. Matata Balki ce ke da mabuɗi, ta kuma tafi layin gero."

"Sai mu jira ta."

"Layin da tsawo, Inna. Sai yamma."

"Ni da na jira wata tara sau bakwai, yamma ce za ta gagare ni?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Nomau ya buɗe baki zai ƙara haƙa, sai ya lura rumfar ta yi tsit ta gefen zugazugi.

Babban yatsan Baba Illiya ya shige ƙarƙashin fiffiken dama, can inda ya haɗu da jiki. Ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake dawowa wurin.

"Tabawa."

"Na'am, Malam."

"Gidan layar nan, kin tuna wanda ya ƙera shi?"

"Yo wa zai manta? Kai ne. Na fata ne da, ya ruɓe, Malam Altine ya kawo maka riyal biyar na azurfa, gadon uwarsa, ka narka. Shekarar aurenmu."

"Ya ce kada in buga hatimi a waje, ba ya son sunan mutum kusa da sunan Allah. Ni kuwa lokacin ina da ƙuruciya, ina ji da hannuna. Sai na buga shi daga ciki, inda ba mai gani. Tauraro ne mai ƙafa biyar, ɗaya ta gutsure." Ya ɗaga dodon sama. "Nomau, me taurarona yake yi a hammatar damo?"



Nomau ya ga tauraron nan tun ranar da ya buɗe gidan laya. Ya goge zanen waje tas, amma da ya zo kan hatimin sai ya ga in ya ci gaba fiffiken zai huje. Sai ya juya shi ciki. A ƙasar Annasara wa ya san tauraron Illiya?

"Baba, azurfa ai tana kama da..."

"Kul. Idona ne ya mutu, ba hannuna ba."

Inna Tabawa ta dubi tsoho, ta dubi abin da ke hannunsa. Ba ta gane ba tukuna.

"Mene ne wannan? Ƙadangare?"

"Karɓi, Tabawa. Ki riƙe fukafukan. Gaba da bayan layarki ke nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Dodon ya buɗe baki yana kallonta da haƙoransa na azurfa.

"Ɗana," ta ce a hankali, "gaya mini Malam Illiya ya ruɗe. Tsufa ne. Ka faɗa, zan yarda."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Nomau ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Inna, aro na yi. Wallahi aro na yi. Gidana kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Na ce in aiki ya karɓu zan ƙera miki sabo, wanda ya fi shi..."

"Ka tambaye ni?"

"Kina nesa."

"Tchiro ce nesa? Motar gawayi kullum tana zuwa. Da ka aiko ka ce, Inna, yunwa, da na cire ɗan kunnena na ba ka. Na taɓa hana ka abin da ke jikina?"

Seydou ya ja da baya ya jingina da ginshiƙi. "Wallahi Inna ban sani ba. Ce mini ya yi tsohuwar azurfar gidansu ce."

Baba Illiya ya juya fuska wajen Nomau.

"Ɗazu na yaba maka a kan layin wuya. Na janye. Ka ji tsoron ranar da za a ce ka busa wa ƙarfe rai, ba ka ji tsoron ranar da za a ce ina amanar da aka ba ka ba? Ka zauna ka auna wuyan damo don ka tsira, da wane hannu? Da hannun da ya fasa laya. Wanda ya yi alwala da ruwan sata, sallarsa ta wa ce?"

"Baba, na tuba."

"Ba ni ka yi wa ba."

Nomau ya juya. "Inna, ki ba ni zuwa magariba. Zan cire fukafukan, in buge su, in haɗa. Ba zai kai na da faɗi ba, amma zai rufe. Kafin ayari ya tashi Lukumanu zai rataya. Na rantse."

Inna Tabawa ta goge ido da bakin mayafi. Ta yi ajiyar zuciya.

"Azurfa riga ce. Ko a tsumma aka naɗe, laya laya ce. Ba ni takardar. In ɗinke ta a fata da kaina, ka riƙe ƙadangarenka."

Nomau ya ji numfashi ya dawo masa. Wannan kam yana da ita. Bai wulaƙanta ta ba. Ranar da ya buɗe gidan, da alwala ya ɗauke ta, ya sa a gwangwanin shayi, ya ɗora can saman katanga inda ƙafa ba ta kaiwa.

Ya miƙe da sauri, ya ɗauko gwangwanin, ya buɗe.

Ya leƙa.

Ya kife shi a tafin hannu. Ɗan garin shayi ya zubo.

"Tana nan. A nan na sa ta. Wallahi a nan..."

Ya sauke gwangwani na biyu, na uku. Ƙusoshi suka watse a ƙasa.

"Wace irin takarda?" in ji Seydou. Muryarsa ta canza.

"Tsohuwa. Ja-ja haka. An ninke ta takwas."

Seydou ya dafe kai.

"Innalillahi."

"Me ka sani?" in ji Baba Illiya.

"Ranar da za mu rufe kolis... Nomau ya fita neman igiya. Na ga fukafukan za su karce a hanya. Na duba ko'ina ba tsumma mai tsabta. Na buɗe gwangwani ina neman auduga, na ga takarda mai laushi. Tawadar ta koɗe, ban kula ba, na ɗauka ta ƙunshin shayi ce. Da ita na naɗe shi."

Nomau ya faɗa kan kwalin, ya zazzage. Jaridar Annasara ce a yayyage, da wani farin abu mai kumfa. Ya bi kowane yanki.

"Ba ta ciki," in ji Seydou. "Yana cikin wasiƙar. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ya sa ban faɗa ba."

"Faɗi yanzu."

Seydou ya zaro wasiƙa daga aljihu, ya nemi wurin da yatsa.

"Ya ce... dodon ya mayar, amma tsohuwar takardar da aka naɗo shi da ita ta burge shi ƙwarai. Ya sa ta a gilashi ya rataye a ɗakinsa. Ya ce a yi wa maƙeri godiya da kyauta."

Wani kamyo ya wuce a babban titi, rumfar ta girgiza. 

"A bango," in ji Inna Tabawa. "Kamar kalanda."

"Inna, zan rubuta masa yau ɗin nan. Mutumin kirki ne, zai mayar. Wata ɗaya, ko da 'yan kwanaki."

"Ayari gobe ne."

"To ya ɗauki hotonta ya aiko ta sibar. In wuta ta dawo, kafin la'asar..."

"Hoto zan rataya wa ɗana?"

"A kai wa malami ya kwafa."

Baba Illiya ya girgiza kai. "Ba a buɗe ta. Ko ni da na rufe ta cikin azurfa, a ninke aka ba ni, a ninke na sa. Malamin kakan Altine ne ya rubuta, da sharaɗin ido ba zai karanta ba. Yanzu tana shanye a bango, duk wanda ya shigo shan shayi ya kalla."

Inna Tabawa ta ajiye dodon a kan uwar maƙera, a hankali, kamar mai ajiye jariri. Ta ɗauki ƙunshinta.

Nomau ya kama gefen zanenta.

"Inna, ki yi mini baki. Ki zage ni. Ki ce wani abu."

"Ba zan yi maka baki ba. Nonona ne a jikinka, in na la'ance ka na la'anci kaina." Ta zare zanenta daga hannunsa. "Abu ɗaya. Ni ba zan iya gaya wa Lukumanu ba. Tun yana goye yake wasa da layar nan a ƙirjin ubansa. A saƙonsa na jiya ya ce mini, Inna, ba na jin tsoro, ai tana wurin ɗan'uwana. Kai za ka gaya masa, maƙeri. Da bakinka."

Maƙeri. Shekara talatin da bakwai bai taɓa jin ta kira shi haka ba.

"Nomau," in ji Baba Illiya. "Ina hatiminka?"

"Baba..."

"Ina yake?"

Yana rataye a wuyansa da igiyar fata. Ya ciro. Ɗan guntun ƙarfe ne kamar yatsa, a bakinsa an sassaƙa jinjirin wata da ɗigo biyu. Ranar da aka ba shi an yanka rago, mahaifinsa na da rai.

Tsoho bai karɓa ba.

"Ni na sassaƙa shi, amma ba ni na ɓata shi ba. Ɗauki magagari."

"Baba, da me zan ciyar da su? Ka dubi shekarar nan. Ka dubi 'ya'yana."

"Na dube su. Za su ci a gidana, abin da na ci. Kai ma za ka iya jan zugazugi, ka fasa gawayi, ba wanda ya hana ka. Amma mata suna kawo mana abin wuyansu su tafi shekara, ba shaida, ba takarda. Saboda me? Saboda ɗan ƙarfen nan. Bana kowa na kawo ajiya don gudun kada yunwa ta sa ya sayar. In aka ji a gidanmu kura ce ke gadin nama, ba kai kaɗai ka mutu ba. Goge."

Seydou ya ce, "Baba, a yi haƙuri, rabin laifin nawa ne."

"Kai ka naɗe abin da ka taras a gwangwani. Wa ya fitar da shi daga gidansa? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Nomau, ina jira."

Nomau ya danne hatimin da awartaki. Ya ɗora magagari.

Ƙurr.

Ƙurr.

Ɗigo na farko ya tafi. Na biyu ya bi shi. Jinjirin watan ya fi taurin kai, sai da ya ja sau goma sha. Garin ƙarfe na zuba a kan gwiwarsa, hawaye na sauka a kai.

Ya miƙa. Baba Illiya ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya ji sumul. Ya jefa shi cikin kwandon ƙusoshi.

To, ku ƙirga tare da ni, ku masu cewa aron abin da mai shi bai sani ba ba sata ba ne.

Aikin da ya ci amana dominsa ya dawo, ba mai saye, ba mai ratayawa. Ɗaya.

Hatimin da ya ci shekara goma sha biyar yana bugawa ya koma ƙusa. Biyu.

Matar da ta raba nononta biyu saboda shi tana tsaye taku uku daga gare shi, ta juya masa baya. Uku ke nan, ladan bai ma kira azahar ba.

Na huɗu kuwa da ƙafarsa ya zo. Inuwa ta rufe bakin rumfa, wani dogon mutum ya sunkuyo, rigarsa duk baƙin mai, sabon rawani a kafaɗa, yana dariya har kunne.

"Salamu alaikum! A'a, har Baba na nan? Inna, kin riga ni." Ya buɗe wuyan rigarsa, ya matso gaban Nomau, ya sunkuyar da kai. "Ɗan'uwa, na gama lodi. Kai ka gyara ta, kai za ka fara sa mini albarka. Ina take?"